Masar Juma'a a Gidan Wasan Harbi

…to ai ba laifin masar ba ne. Gero mai kyau, tun jiya ta jiƙa, mai kuma ba ta yi ƙwauronsa ba. Yaran ne babu. Saratu tana tsaye a ƙofar gida da faranti a ka, ta kira sadaka sau uku, ko akuya ba ta waiwayo ba. Da can kafin ta rufe baki sun cika zaure, hannuwa a miƙe, Allah shi jiƙan rai, Allah shi jiƙan rai — addu'ar ƙananan bakuna, wadda Liman ya ce ba ta faɗuwa ƙasa. Iyakar abin da take iya aika wa ɗan farinta ke nan. Ba ta ga kabari ba, ba ta ga likkafani ba… jaka ɗaya sojoji biyu suka kawo, da gaisuwa. Can arewa aka rufe shi da sauran sojojin, inda abin ya faru. Shekara biyu ke nan, kowace Juma'a masa. Yau wa zai ce amin?

Ta san inda suke. Duk Konni ta sani. Ga ta a kan hanya, faranti na huci a kanta, tana ratsa 'yan kabu-kabu. Shagon tela, yanzu gidan wasa. Wurin mai gyaran rediyo, gidan wasa. Daga tasha zuwa bakin kasuwa ɗaki bakwai, ban da wanda ke cikin wayar kowane yaro. Da ƙwallo suke bugawa a tele, talabijin ɗin nan, su yi ta ihu, ba ruwan kowa. Yanzu ƙwallo ta gundure su. Harbi, harbi, ko'ina harbi — an ce kowane wata sabo ake kawowa, kuma duk abu ɗaya ne, kaki ne kawai ke sauya launi. Su wa ke zama su ƙera wannan? Ba su da 'ya'ya? Ko a garinsu ba a taɓa yi wa uwa sallama da jaka ba? In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Kuma Muhsin yana ciki. Autanta, shi kaɗai ya rage mata, shekara goma sha tara, gemu ya fara tsiro. Ya bar garkar albasa ga rana, ya bar tuwo ya sandare a kwano. Shekaranjiya ta ji shi yana lissafa wa abokinsa sunayen bindigogi kamar mai karanta sunayen dangi. Daga nan sai me? Sai garin Tawa, sai layin ɗaukar soja, sai wata jakar… Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Yau za ta faɗa. Ta ajiye maganar a ƙarƙashin harshe tun asuba: in ka sake taka wurin nan, ban yafe ba. Ba ta taɓa ɗora wa ɗa wannan kalma ba. Nauyinta har a haƙora take ji.

Labule mai datti, takalma jibge a ƙofa. Ta kutsa. Zafi, warin zufa, da ƙarar nan — tat-tat-tat — wadda ta taɓa ji sau ɗaya tak, a waya. Yayan Muhsin ne ya kira daga can, ya ce a ba shi Inna. Ta ce wa Muhsin, ce masa muna lafiya. Wayar tana hannun yaron, a buɗe, sai ga ƙarar a bayan muryarsa, shi kuwa ya yi dariya ya ce salansar babur ce. Salansar babur! Ta san ƙarya yake yi, ya san ta sani. Me ya hana ta karɓar wayar? Kunya. Ɗan fari ne. Ba a kiran sunansa, ba a kallonsa ido cikin ido, ba a nuna ana sonsa. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa garin Dogarawa, ita kuwa ko ƙwalla, aka yi ta yabonta. Saratu akwai kunya, Saratu 'yar gidan mutunci. Shekara ashirin da huɗu tana ce masa kai, ko wancan, ko yayan Muhsin. Ranar da zai tafi ya durƙusa a gefen murhu, kaki sabo fil, tana juya masa a tanda. Allah shi kiyaye, ta ce wa tandar. Ga yabon nan, sai ta dafa ta ci.

Sufyan mai shago ya miƙe yana sosa ƙeya, ya gaishe ta. Yaran ko ɗaga kai. Tele huɗu, yaƙi huɗu. Wayyo, har ƙura suka sa, har katangar laka, har rana irin tamu… Mutum ya faɗi, jini ya fantsama, ba wanda ya ce Inna lillahi. Ita ke faɗa, bakinta ke faɗa da kansa, ta faɗa ta faɗa har ta kasa bin lissafi. Gawar ma ba ta daɗewa, sai ta ɓace daga ƙasa kamar an share. Haka ake yi ke nan? Haka ya ɓace?

Ga ƙeyar Muhsin a lungu. Kafaɗu a ɗage, yatsu na rawa a kan ɗan abin latsawa. Ta matsa. Maganar ta hau kan harshe, ta buɗe baki —

Sojan da ke cikin telensa ya ba ta baya. Dogo, siriri, jaka a goye, yana tafe yana ɗan karkata. A saman kansa akwai rubutu, fari, yana bin sa duk inda ya yi. Ba ta yi lakwal ba, bokon nan, ko rana ɗaya. Amma wannan… na farkon kamar jinkar ɗaki mai ƙafa biyu, na biyun sanda mai ƙafa ɗaya, na ƙarshen mai tudu biyu. Harafi bakwai. Su ne a jikin jakar da ke ƙarƙashin gadonta, da baƙin alƙalami. Yatsanta ya bi su har sun fara kodewa.

Muhsin ya ji ƙamshin masa, ya waiwayo, ya daskare.

"Inna… mi ya kawo ki nan?" Ya bi idonta zuwa telen, ya sunkuyar da kai. "Ba kisa nika so ba, Inna. So nikai in hidda shi. Kullum wurin gadar ga shika hwaɗuwa. In na ƙetare da shi sau guda, na bari."

Sau guda. To in ya ƙetare, ina za shi? Akwai gida a ciki? Akwai zaure, akwai wata tsohuwa a bakin murhu da za ta ɗago kai wannan karon? Ba su ƙera wannan ba. Bayan gada wani yaƙin ne, bayan shi wani, ɗaki bakwai cike, ba mai komawa gida. Ta sani. Ya kamata ta faɗa masa. Ya kamata ta kama hannun nan ta ja, mai rai ne, ɗumi gare shi, shi ne nata…

Amma yaron ya saki abin latsawa, sojan kuwa ya tsaya cak a fili, yana numfashi. Har numfashi suka sa masa. Kafaɗa na hawa, na sauka. Ga wani can bisa katanga, ya ɗago bindiga, yana saiti, shi bai gani ba, ya ba shi baya, ba wanda zai gaya masa —

"Alkasum!"

Muryar wa ke nan? Ashe haka sunan yake a baki. Ashe ba shi da nauyi ko kaɗan, shekara ashirin da shida tana dakonsa…

Sojan ya faɗi. Telen ya yi ja, ya yi duhu, wani rubutu ya fito yana ƙiftawa. Muhsin yana kallonta, ido ya cika, babban yatsansa a kan maɓalli, bai latsa ba. Jira yake. In ta ce tashi mu tafi, zai tashi, ta gani a fuskarsa. In ta yi shiru, zai latsa, wancan ya miƙe tsaye, ya karkata, ya kama tafiya.

Farantin ya huce a kanta. Wuyanta ya gaji. Ba ta ce tashi ba… tukuna.