Karen da Aka Hana Ta Shafawa

"Janye hannunki, Herminia. Ina ganinki fa."

Doña Herminia ta janye hannunta daga kan karen kamar wadda ta taɓa murhu. Don Eusebio yana kwance da robar iska a hanci, idonsa rabi a rufe, amma ba abin da ke wuce shi.

"Mutum yana fama da numfashi, amma bakinsa bai gaji da faɗa ba," ta ce.

"Karen nan ba naki ba ne. Ni ma ba nawa ba ne."

Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a layin bayan tashar jirgin ƙasa ta birnin Rosario, kuma a cikinsu ba ranar da ba su yi cacar baki ba. Sana'arsa horar da manyan karnuka don masu larurar ƙafa. Yana koya musu buɗe ƙofa, da ɗauko abin da ya faɗi, da tsayawa ƙyam mutum ya dafa bayansu ya tashi. Tordo shi ne na ashirin, baƙi wuluk, kansa ya kai tukunyar miya. Saura kwana goma sha biyu a miƙa shi ga Nélida, malamar makaranta wadda haɗarin babur ya zaunar a keken guragu.

Tsohon yana da doka guda da ba ya sassautawa. A makonnin ƙarshe, ba mai shafa karen ko ya yi masa wasa sai wanda za a ba. Ta haka ne zuciyar karen take komawa can gaba ɗaya.

"Saurara, maƙwabciya," ya ce, yana jan iska tsakanin kalmomi. "In na tafi kafin ranar, ki ɗauke shi. Ki zuba masa ruwa ki juya baya. Kada ki kira sunansa. Nélida za ta riƙa zuwa ƙarfe huɗu ta ba shi abinci da hannunta."

"Ina za ka je da waɗannan ƙafafun naka kamar tsinken tsintsiya?"

"Ki ce kin yarda."

"To, na yarda, mai taurin kai."

Ranar Talata da hantsi ta fita sayen burodi. Da ta dawo ta tarar da ƙofarsa a buɗe, Tordo ne ya ja igiyar da ke jikin mariƙin kamar yadda aka koya masa, yana tsaye a bakin titi yana haushi. Kafin motar asibiti ta iso, Don Eusebio ya cika. Ɗansa ya zo daga Córdoba, aka binne shi, ya kulle gidan ya koma washegari. Ko tambayar karen bai yi ba.

Tordo ya dawo gidanta. Shekara takwas ke nan da mijinta ya rasu, 'yarta kuwa tana Sifen, sai dai waya ranar Lahadi. A da, tarin Eusebio ta bayan katanga da tsawar da yake wa karnuka su ne ke gaya mata akwai mutum kusa. Yanzu shiru ya yi mata yawa. Ga kare yana bin ta daga madafa zuwa tsakar gida, shi ma yana neman wanda zai ce masa wani abu, ita kuma an ɗaure mata hannu. In ta zauna, sai ya zo ya ɗora mata wannan ƙaton kai a gwiwa. Sai ta harɗe hannuwa a ƙirji ta kalli silin, hawaye na gangaro mata. Ta zagi Eusebio a ranta har ta gaji.

A rana ta biyar cokali ya suɓuce mata. Kafin ta sunkuya, Tordo ya ɗauko ya miƙo mata, yana kaɗa wutsiya. Ta karɓa ba ta ko yaba masa ba, amma ranar ba ta iya cin abinci ba.

Ƙarfe huɗu ƙanen Nélida ya sauke ta a ƙofar gida kamar kullum. Ta turo kekenta tsakar gida da kwanon abinci a cinya.

"Tordo, zo!"

Karen ya dube ta, ya dubi kwanon, sannan ya koma bayan Doña Herminia ya zauna.

Nélida ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Doña, ko dai ke ya zaɓa? Kin ga ni ba ni da farin jini, ko a wurin kare."

Maganar ta yi wa Herminia daɗi a ɓoye. Ta sani sarai, in ta sauke hannu sau ɗaya ta sosa bayan kunnensa, magana ta ƙare, kare ya zama nata. Ba mai ganin laifinta. Wanda zai yi mata tsawa yana ƙarƙashin ƙasa.

"Kada ki damu," in ji Nélida, tana gyara kwanon. "Na saba jira. Damunar bara na zame a banɗaki, awa uku ina kwance a kan tayil kafin ƙanena ya zo. Wayar tana kan kujera, ina ganinta da idona."

Herminia ta dubi keken Nélida. Sai ta juya ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Tana jin karen yana karce ƙofar da farce, yana ɗan kuka, ta danne mariƙin da hannu biyu don kada ya buɗe. An daɗe kafin ta ji ƙarar kwano daga tsakar gida.

Daga ranar, da zarar huɗu ta yi sai ta kulle kanta, ba ta fitowa sai sun gama. Ta daina zama inda zai kai ga gwiwarta. A rana ta tara, tun uku da rabi Tordo ya je bakin ƙofar gida ya kwanta yana jira.

Ranar ƙarshe Nélida ta sa masa rigar aikinsa da kanta.

"Doña Herminia, ba za ki yi masa sallama ba? Sau ɗaya ai ba komai."

"Ku tafi, 'yata, rana na yi."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu. Tordo yana tafe a gefen keken, kafaɗarsa daidai da tayar. Ta jira har suka kai kwanar mai sayar da burodi, ko zai waiwayo. Bai waiwayo ba.

Ta koma ciki ta rufe ƙofa. A bakin ƙofar, inda ya kwanta tun safe, ta zare silifas ɗinta ta ɗora tafin ƙafa a kan tayil ɗin. Da sauran ɗumi.