Ruwa Iya Cinya

Sai da Halvar Nyberg ya shekara ashirin da biyu a keken guragu, sannan majalisar garinsu ta tuna ya kamata a kafa allon gargaɗi a bakin tafki. Aka gayyace shi bikin. Ƙanwarsa Gunvor ta ce kada ya je, ya ce ita dai ta tura keke.

Shugaban majalisar Sixten ne, abokin samartakarsa. Shi ne a ranar hatsarin ya tsaya ƙarshen gadar katakon da ta shiga cikin tafkin, ya rantse ruwan zai shanye mutum biyu, wai shi ma jiya ya faɗa ciki da ka. Halvar ya tsunduma da ka, yashi ya tarbe shi, wuya ya karye. Ashe Sixten bai taɓa faɗawa ba. Sau ɗaya ya leƙo asibiti, da furanni.

Ga shi yau ya ajiye tumbi, ya sha kwat, yana jawabi kan gangancin matasa. Jama'a na kurɓar kofi da burodin kirfa, suna gyaɗa kai. Halvar ya dubi allon: ɗan mitsitsi, an kafa shi bayan kwandon shara. Ya yi tsaki.

Da Sixten ya gama, ya durƙusa gefen keken don a ɗauke su hoto, har da dafa kafaɗa.

"Ɗauke hannunka, mai gari," in ji Halvar. "Sauka daga ƙarshen gadar nan, ƙafa a gaba, mutane su ga zurfin."

Sixten ya yi yaƙe, ya ce da kwat?

"Kai da ka ce mini jiya ka faɗa da ka? Kwat ce za ta hana ka?"

Tsofaffin da suka san zancen suka sunkuyar da kai. Mai hoton jarida kuwa ya riga ya saita kyamara. Dole Sixten ya cire takalmi, ya bi tsani yana rawar sanyi. Ruwa ya tsaya masa iya cinya. Wata mata ta janyo 'ya'yanta daga kan gada.

Halvar ya ce wannan hoton za a sa a allo babba, a bakin gada, inda mai ido zai gani.

Haka aka yi. Kafin bazara ta fita, Sixten na yawo yana gaya wa kowa wai shi ya kawo dabarar babban allon. Da Gunvor ta kawo labarin, Halvar ya ce ta miƙo masa kofinsa kafin ya huce.