Takardar Maganin Hedimasta

Aikin Auta a asibiti shi ne rage wa likitoci surutu. Su rubuto shafi huɗu a kan ƙwaya ɗaya, ita kuma ta mayar da shi layi shida da manyan baƙaƙe, saboda masu wahalar karatu. Mahaifinta, wanda har jikokinsa ke kira Hedimasta, bai taɓa ɗaukar wannan a bakin aiki ba. "Digiri biyu," in ji shi, "ki ƙare a rubuta wa mutane su sha da ruwa." Shi da ko mai wanki zai rubuta wa saƙo sai ya fara da "bisa la'akari da".

Kwatsam sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, har ya fi da. Karatu ne bai dawo duka ba. Likita ya ja Auta gefe ya ce mata, in layi ya yi tsawo, kafin ya kai ƙarshe farkon ya ɓace masa. Ga magani kala uku, jan cikinsu na tsinka jini ne, ba a wasa da adadinsa. Ga shi tun safe har yamma shi kaɗai ne a gida, don ya kori masu jinya biyu, ta biyun wai tana tauna cingam.

Auta ta kawo masa takarda mai sauƙi. Ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar tsumma.

"Ni za ki kawo wa karatun 'yan aji ɗaya? Miƙo min ta ainihi, ta cikin kwali."

Ya gyara tabarau, ya baje doguwar takardar, yana gyaɗa kai yana "haka ne, haka ne". Ita ko tana kallon idonsa, ko motsi ba ya yi. Haushi ya kama ta, tausayi ya biyo baya, tsoro ya fi su duka.

Ranar Asabar ta shigo falo da fuskar neman alfarma.

"Baba, taimako nake so. Wani tsoho ne a asibitinmu, irin maganinka yake sha, ga taurin kan tsiya. Na rubuta masa wannan, a duba min."

Hedimasta ya hura hanci. "Da ma na san za ki dawo hanya. Kawo jan biro."

Kai, ranar takarda ta ga ta kanta!

"Wannan layin ya yi tsawo, tsohon zai ɓata a hanya. Raba shi biyu. Sau ɗaya a rana? Da wane lokaci? Rubuta masa bayan karin safe. Wannan sunan maganin kuma kamar zagi, cire. Ce ja, ce fari, ki manna hoton kowanne."

"To, Baba."

"Ki bar masa gurbin da zai sa alama in ya sha. Irin waɗannan tsofaffin sai su sha su manta. Ke ba ki san halinsu ba."

"Wallahi kuwa," in ji Auta, tana cizon leɓe don kada dariya ta ƙwace mata.

Ta shiga ɗaki ta sake bugawa. Layi bakwai, kusan sak wadda ya ƙi, sai dai gaskiya tasa ta fi kyau. Ya karɓa ya ɗora yatsa, ya karanta a bayyane, a hankali, daga sama har ƙasa, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Da ya gama, ya bar yatsan a kan layin ƙarshe.

"Akwai abin da kika bari," ya ce, bai ɗago ba. "In tsohon ya sha ja sau biyu a rana, me zai yi?"

"Ya taho asibiti nan take."

"Ko da yau kwana uku ke nan yana yi?"

Dariyar Auta duk ta bi iska.

"Baba..."

"Kunya ce ta hana shi faɗa," in ji Hedimasta. Ya ture takardar gabanta. "Rubuta masa shi can sama, da manya. Sannan ki ɗauko min takalmina."