Kafireta a Cikin Bokiti

Ina wanke-wanke Dogo ya shigo gidan ba sallama. Shekara da shekaru suna gareji ɗaya da mijina, bai taɓa wuce bakin ƙofa ba sai ya yi sallama ya haɗa da tsokana. Ranar kuwa ya tsaya a tsakar gida, hannunsa duk baƙin mai, yana kallon ƙasa.

Na ce, "Dogo, lafiya? Ko mutumin naka ya manta sifana ya aiko ka?"

Ya ce, "Uwargida, sai haƙuri. Ya sunkuya zai ɗaga batir, bai ƙara tashi ba."

Na ɗauraye kofin da ke hannuna na kife shi. Daga nan na zauna a ƙasa.

Da ƙafa mijina ya tafi aiki ranar, don motarmu tana ajiye. Tsohuwar mota ce, ta girmi ɗanmu. Ya cire mata kafireta, wato abin da ke haɗa fetur da iska ya shayar da inji, ya kawo falo ya warware ta a kan kwali. Haka yake aiki. Duk abin da ya kwance sai ya ajiye shi gefen na baya, daga dama zuwa hagu, layi bayan layi. Ranar haɗawa sai ya faro daga ƙarshe ya koma farko. Ya sha gaya mini, "Ki share ko'ina a gidan nan, amma ki bar mini kwalina." Na saba, har tsallake shi nake yi da tiren abinci a hannu.

Da gida ya cika da masu gaisuwa, wuri ya yi kaɗan. Gwaggo, yayar mijina, ta ga kwali da tarkace a tsakiyar falo. Ta juye su duka cikin bokitin wanki, ta share wurin tas, ta shimfiɗa tabarma. Ban gani ba. Ko da na gani, ranar ban san sunana ba ma. Sai da mutane suka watse na tarar da bokitin a bayan ƙofa, an ɗora masa takalman da wani ya manta.

Gwaggo ta ce, "Ai ba abin da na zubar, duk suna ciki."

Na ce, "Na sani, Gwaggo. An gode."

Me zan ce mata? Ƙaninta ta rasa.

Ɗanmu shi ma makanike ne, amma na sababbin motoci, masu injekta a maimakon kafireta. Na'ura yake soka wa mota ta gaya masa abin da ke damunta. Uban yana kiransa Likita, shi kuma yana kiran motarmu Hajjaju. In sun zauna cin abinci ba na samun sakat.

"Likita, motar da sai ta yi magana kafin ka gane ciwonta, wa ke gyaran wani a cikinku?"

"Baba, taka fa sai an lallashe ta da safe kamar mai fushi. A taka totur, a ja cok, a jira ta gama tari. Irin wadda nake gyarawa maɓalli ɗaya, mun kama hanya."

"In ta mutu maka a daji fa? Tawa da waya da sukundireba zan kawo ta gida. Taka sai ka zauna kana kallonta tana kallonka."

"Man da Hajjaju ke sha zuwa kasuwa, da shi zan je in dawo in sake komawa."

"To ai babba ce. Babba ba ya cin abincin yara."

Haka suke yi har shayi ya huce. Ni dai na san kowannensu yana da tasa gaskiyar, amma ba mai tambayata.

Bayan rasuwar na ajiye bokitin gaban Likita, na ce ya haɗa. Aikin ubansa na ƙarshe ne, ba na so ya ƙare a bokitin wanki. Ya nemo zanen irin kafiretar a wayarsa, ya zauna ranar hutunsa yana jerawa. Can ya ɗago.

"Umma, rabin abin da ke nan babu shi a zanen. Wannan washa ta famfo ce. Wannan sifirin kuwa, wallahi na biro ne."

Ashe duk shekarun nan in abu ya lalace ba a samunsa a kasuwa, sai uban ya goge wani ya sa. Kafiretar ta daina zama ta kamfani, ta zama tasa. Shi kaɗai ya san mazaunin kowane abu, shi da kwalin.

Na kai wa Dogo. Ya sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya. Ya ce, "Mutumin nan ko a kabari sai ya ba ni aiki." Ya haɗa ta, ƙananan abubuwa suka rage a gindin bokiti. Aka ɗaura, aka murza makulli. Motar ta yi tari, ta yi aman fetur ta ƙasa, ta yi shiru. Ya sake warwarewa ya sake haɗawa, wannan karon wasu daban suka rage. Ya ce akwai wani ɗan ƙwallo kamar ƙwayar magani da bai gani ba, wataƙila ya bi tsintsiya. Na zazzage kwandon shara, na bi gindin bango da hannu. Banza.

Muka zaga masu sayar da tsofaffin kaya. Wani ya yi dariya ya ce, "Mama, irin wannan ai sai gidan tarihi." Wadda aka samo mana daga nesa kuma bakinta bai hau injin ba.

Likita ya ce, "Umma, a cire injin gaba ɗaya. Akwai na zamani da zai zauna a wurin. Jikin motar lafiya lau yake."

Na ce, "Ba za a cire ba."

Bai yi musu ba, ya bar ni. Motar ta zauna, tayoyi suka sace, kyanwa ta haihu a ƙarƙashinta. Damina ta shigo. Matar Likita cikinta ya tsufa, ga ni da gwiwa. Wata safiya na raka ta awo, muka daɗe a bakin titi cikin ruwa, motocin haya suna wucewa a cike. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Umma, bari in ɗan tsuguna." Na kalle ta tsugune a gefen kwata, lema tana ɗiga a bayanta. Da muka dawo ko mayafi ban cire ba na ce wa Likita, "Cire."

Aikin ya ɗauke shi lokaci. Ya ja sababbin wayoyi, ya sa famfon mai a tanki, ya ɗaure wani ɗan akwati da ya ce shi ne ƙwaƙwalwar injin. Ranar da ya gama ya zaunar da ni a gaba ya murza makulli. Na ce, "To tayar mana." Ya ce, "Ai ta tashi, Umma."

Ba zan yi wa sabon injin ƙarya ba. Ba ya tari, ba ya hayaƙi, ba warin fetur a zanena. Hawan da ke bayan asibiti, wanda dā sai an koma giya ɗaya ana addu'a, yanzu ko a jikinta. Mai kuma sai ka manta yaushe aka sha. A cikinta aka kai yarinyar haihuwa, a cikinta aka dawo da jikata. Da mijina yana nan da ya sami abin faɗa, ni ban samu ba. Na dai zauna a kujerar da na saba zama, ban gane motar ba.

Mai gwangwan ya zo zai ɗauki tsohon injin, na ce ya wuce. Dogo ne ya sa aka ɗora shi kan tsohuwar taya a gefen ɗakin girki. Ya cire fulogogi, ya ɗiga mai a kowane rami, ya kafa babbar sifana a kan notin gaba.

Ya ce, "Uwargida, inji ba ya son zama. In aka bar shi fistin zai kama, shi ke nan ya zama ƙarfen awo. A riƙa juya shi ko kaɗan ne."

Na ce, "Zai sake tashi?"

Ya cire tabarau ɗaya ya goge da riga. Ya ce, "Ni dai na ce a riƙa juyawa."

Likita ya ji mu. Washegari na ga ya kawo leda mai kauri ya rufe injin saboda ruwa.

Kullum da safe in na ɗora ruwan zafi sai in ɗage ledar, in kama sifanar da hannu biyu in danna. Da nauyi, kafaɗata tana gaya mini. Yakan yi ɗan huci ta ramukan, ya juya. Sai in mayar da ledar in ɗora dutse a kai, in koma in duba ruwana.