Tsoho Dou a Kan Tudun Yashi

A unguwar bayan kasuwar kifi ta birnin Jilin, kowa ya san abu biyu game da Dou Changhe, wanda ake kira Tsoho Dou tun kafin furfura ta fito masa. Na ɗaya, babu mai naɗa jiaozi kamarsa, ƙullin fulawar nan mai nama da kabeji a ciki. Na biyu, ba ya kallon wasan 'yarsa.

Sunanta Ning, ita kaɗai ce gare shi da matarsa, kuma tana cikin 'yan gasar zamiya da allo a kan dusar ƙanƙara, gasar da ke zagaya garuruwa duk hunturu. Su gangaro daga kan dutse a tsaye bisa allo, su taka tudun tsalle su tashi sama, su yi ta juyi da alkafura kamar an cilla ludayi, sannan su dira. Tun ranar da ta karya ƙashin wuya a gabansa tana 'yar makaranta, Tsoho Dou ya rantse idonsa ya gama da wannan abu. In an sa gasar a talabijin ɗin shagonsa, sai ya shige madafa ya kama dukan kwaɓin fulawa, masu cin abinci su riƙa ɗaga masa murya: "Ta dira lafiya, Tsoho Dou! Fito haka nan, fulawar ba ta yi maka laifi ba!"

Wata safiya matarsa Guifen ta ajiye tsintsiya ta ce, "Rufe shagon nan za mu yi, mu tafi Dunhuang mu ga hamada."

"Hamada? A tsakiyar hunturu?"

"Lokacin ne babu cunkoso. Tun aurenmu kake cewa za ka kai ni in hau raƙumi. So kake sai na fara dogara sanda?"

Ya yi gunaguni na kwana da kwanaki, sannan ya sallama. Abin da ya lallashi kansa da shi shi ne, ko ba komai, a hamada babu dutsen ƙanƙara, babu tudun tsalle, babu mai wuntsilawa a sama. A cikin jirgin ƙasa ya lura Guifen tana ta murmushi ita kaɗai tana latsa waya, amma ya ɗauka murnar raƙumi ce.

Suna fitowa daga tasha sai ya hango wata doguwar jakar allon zamiya jingine da bango, irin wadda ya sani kamar yunwar cikinsa. Kusa da ita Ning ce tsaye cikin jar riga mai kauri, tana ɗaga hannu biyu.

"Baba! Mama!"

Tsoho Dou ya tsaya cak. Ya dubi 'yarsa, ya juya ya dubi matarsa.

"Guifen."

"Na'am?"

"Ina gasar take a wannan makon?"

"Can gindin duwatsu, tafiyar rabin yini a mota," ta ce, tana gyara mayafin wuyanta kamar ba da ita ake ba. "Ikon Allah, ka ga yadda abin ya zo daidai."

"Ikon wa? Ikonki dai!"

Kafin ya ƙara wata kalma Ning ta rungume shi, sai ya fasa faɗan. Ta rame kaɗan, hancinta ya yi baƙi saboda rana da iska. Tare da ita akwai ƙawarta Marjan, 'yar ƙabilar Kazak daga garin Altay, doguwa mai dariya da ƙarfi, wadda suke gasar tare. An ba su hutu kafin zagaye na gaba, shi ne suka zo taya su yawon buɗe ido.

"Kawu Dou, mun daɗe muna cin jiaozinka a baki," in ji Marjan. "Kullum Ning sai ta kushe na kowane gari."

"Ai gaskiya take faɗa," ya ce, fuska a ɗaure, amma ya karɓe mata jaka.

Washegari suka nufi tuddan yashi da ke bakin gari. Sanyi na yanka kunne, rana kuwa fes, sama ba ko ɗigon gajimare. Aka ba su rigar takalmi ruwan lemo suka ɗaura har gwiwa don kada yashi ya shiga. Raƙuma masu tozo bibbiyu na durƙushe a jere, gashinsu na hunturu ya yi buzu-buzu, suna tuƙa suna kallon mutane a wulaƙance. Guifen ta haye nata tsakanin tozo biyu kamar a nan aka haife ta. Tsoho Dou ya hau nasa yana cewa ai wannan ba komai ba ne, kujera ce mai gashi. Bai san raƙumi da ƙafar baya yake fara miƙewa ba. Sai ga shi ya kifa gaba, ya rungume tozo da hannu biyu yana kiran sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa.

Marjan ta yi dariya har da hawaye. "Kawu, sake shi ya yi numfashi!"

"Ke yi mini shiru! Wannan dabbar da gangan ta yi."

Ayarin ya bi gefen tudu, ƙararrawa na kaɗawa a wuyan na gaba. Da jikinsa ya saba da rangajin, sai ya ɗaga kai. Tuddai ne bayan tuddai, kowane da kaifin baya kamar wuƙa, gefe ɗaya zinariya, gefe ɗaya inuwa mai shuɗi. A kwarin da rana ba ta kaiwa, 'yar dusar ƙanƙara ta kwanta kamar an barbaɗa fulawa. Nan take ya daina gunaguni.

Aka sauke su a gindin babban tudu, suka kama hawa ta tsanin igiya da aka shimfiɗa a kan yashi. 'Yan matan suka wuce kamar awaki. Tsoho Dou yana hawa yana hutawa, gwiwoyinsa na ƙara, Guifen na bayansa tana tura shi da baki. Da suka kai ƙoli, ga wani ƙaramin tafki mai siffar jinjirin wata can ƙasa, ya daskare yana ƙyalli. Aka ɗau hotuna. Guifen ta sa shi ya riƙe mata gyale iska na kaɗawa, aka sake ɗauka, don ta ce a na farko ya yi fuskar mai ciwon haƙori.

Sai maganar sauka. Ko mutum ya taka da ƙafa, ko ya zauna a kan wani allon katako da wani mutum ke bayarwa a wurin, ya zame har ƙasa. Kafin Tsoho Dou ya buɗe baki, Guifen ta zauna a kan allo, ta yi ihu ta tafi, gyalenta na bin ta. Marjan ta bi bayanta. Ya rage daga shi sai Ning.

Ya leƙa gangaren. Mutanen da ke ƙasa sun koma kamar ƙwayar waken soya.

"Da ƙafa zan sauka," ya ce.

"Da waɗannan gwiwoyin? Baba, sai dare ya same ka a hanya." Ta jawo allo ta ajiye a gabansa. "Zauna. Ka kwantar da bayanka, ka sa hannu a baya cikin yashi, shi ne birkinka. Kada ka kalli ƙafarka."

Ya zauna, ba don ya yarda ba, sai don ƙafafunsa sun gaji. Ning ta tsuguna a gefensa tana gyara masa hula, yadda shi yake gyara mata tana ƙarama.

"Ningning," ya ce a hankali, "ke ba kya jin tsoro? In kina can sama?"

"Kullum ina ji."

Ya juyo ya dube ta. Bai taɓa zaton wannan amsar ba.

"To don me kike yi?"

"Sauka tukuna, sai mu yi maganar."

Ta ɗan tura shi.

Da farko allon ya ja jiki a hankali kamar mai shawara. Sai kuma ya fizge. Iska ta cika masa baki, hularsa ta yi nata wuri, yashi ya kama wani gurnani a ƙarƙashinsa kamar ana kaɗa babbar ganga daga cikin ƙasa. Ya manta da birki, ya manta da hannu, ya manta da shago da gwiwa da komai. Ihun da ya fara da tsoro, kafin tsakiyar tudu ya rikiɗe ya zama wani abu dabam wanda rabonsa da shi tun yana yaro yana zamiya a kan kogin Songhua in ya daskare. A ƙasa allon ya karkace, ya watsar da shi, ya mirgina ya kwanta rigingine.

Guifen ta rugo. "Baban Ning! Ka karye? Yi magana mana!"

Ya tofar da yashi. Kafaɗunsa na rawa, ta ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta hana shi numfashi.

"Ina mai allon nan?" ya ce da ƙyar. "A sama yake, ko?"

"Kai, tsohon nan! Ba kai ne mai ciwon gwiwa ba?"

Haka ya sake hawa tsanin, yana nishi yana tsayawa. Ning ta tarye shi a tsakiya da hularsa a hannu. Ba ta tayar da maganar da suka bari ba, shi ma bai tambaya ba.

Ranar gasa ya ce shi ba kallo zai je ba, rakiya ce kawai, don wani ya riƙe wa Guifen butar shayi. Suka shiga mota tun da safe, suka ratsa fili mai tsakuwa har duwatsu suka taso farare fat. Wurin cike yake da matasa da kiɗa da tutoci. Guifen ta kutsa da shi har bakin shinge, daidai inda 'yan wasa ke dira. Tudun tsallen ya fi rufin shagonsa tsawo nesa ba kusa ba.

Aka kira sunan Ning a lasifika. Ya hango jan ɗigo can sama. Ƙafafunsa suka ce a juya, amma babu madafar da zai shiga, ga mutane sun danne shi ta baya. Ya damƙi shinge.

Ta gangaro, ta zame a kan doguwar sandar ƙarfe, ta sauka, ta ƙara gudu, ta taka tudun ta tashi. Ta juya, ta sake juyawa, hannunta riƙe da gefen allo. Wajen dira bakin allon ya caki ƙanƙara, ta faɗi ta baya, ta taho tana jan ƙasa, farin gari na tashi. Jama'a suka ce "Wash!" baki ɗaya. Tsoho Dou bai san lokacin da ya ɗora ƙafa a kan shinge zai tsallaka ba, sai da Guifen ta riƙo rigarsa.

Ning ta miƙe zaune, ta kakkaɓe hular kwanonta, ta ɗaga hannu. Da ta zo wucewa ta gabansu ta ga wanda ke bakin shinge, ta ɗage tabarau.

"Baba, ka gani?"

"Na gani! Kin ji ciwo?"

"Ko kaɗan. Na yi saurin buɗe jiki ne."

"To kada ki yi sauri! Ina za ki? Wa ya kore ki?"

Ta tafi tana dariya. A gangarowarta ta biyu ya ji bakinsa na ƙirga juyin da ƙarfi, ko da yake ya ɓace a lissafin tun tana sama. Ta dira da ƙafa biyu daram, gwiwa a lanƙwashe, ta miƙe ta ware hannuwa. Tsoho Dou ya yi wani irin ihu, ya ɗaga butar shayi sama, murfin ya fice, shayi ya wanke wani saurayi da ke gefensa. Ya ba shi haƙuri, ya kuma riƙe shi yana girgizawa: "'Yata ce! Wannan mai jar rigar, 'yata ce!"

Makinta ya ɗora ta a matsayi na uku, ta zauna a nan har saura mutum ɗaya. Ta ƙarshen Marjan ce. Ta yi wani tsalle da ya sa wurin ya kaure, ta haye na ɗaya, Ning ta koma ta huɗu.

Da yamma a gidan cin abinci, ga naman rago da taliya na tururi, Tsoho Dou ya ƙi sakin maganar.

"Alƙalan nan ba su da ido. Waccan mai koren wando da suka ba na uku, ai hannunta ya taɓa ƙasa, ni na gani."

"Baba, ba ta taɓa ba. Kuma juyinta ya fi nawa wuya."

"Ke me kika sani?"

Teburin ya fashe da dariya. Marjan ta zuba masa shayi da hannu biyu. "Kawu, ka yafe mini, ni na ture ta."

"Ke kin ci da gaskiya," ya ce, ya ɗora mata babban yanki na nama a kwano. "Ci. Dukanku kun rame, ban san me suke ba ku a hanyar nan ba."

"To ku biyo mu Altay mana," in ji Marjan. "Can ne zagaye na gaba, gidanmu ne. Mahaifiyata za ta yanka rago, kuma ƙanƙararmu tana kai wa mutum ƙugu."

"Ina! Shago fa? Kabejin da na jiƙa a tulu zai lalace."

Guifen ta ci gaba da tsotsar ƙashi. Ning ma ta sunkuyar da kai a kan taliyarta. Tsoho Dou ya yi ta juya ƙoƙon shayi. Can ya laluba aljihu ya ciro waya, yashi na zubowa daga cikin rigar wayar, ya kira ƙaninsa a Jilin.

"Kai ne? Saurara. Mabuɗin shago yana wurin mai kifi. Ka shiga ka duba tulun kabeji, ka danna dutsen da ke kan kabejin da kyau, ka kwashe kumfar sama... A'a, ba jibi ba. Mun ɗan ƙara gaba." Ya rufe wayar da tafin hannu ya dubi Marjan. "Garin naku, jirgin ƙasa na zuwa, ko sai an sake hawa raƙumi?"