Kujera ɗaya ta rage

Shekara goma sha tara ina ɗaukar Inna a motata. Duk ranar da za ta garin da ƙanwarmu take aure, kujerar gaba tata ce, ko wa ya riga zuwa tasha sai ya koma baya. Awa tara muke yi a hanya, tana yi mini faɗan gudu, ina cewa to.

Sai Auta ya sami aiki a kamfanin ƙananan jiragen nan masu farfela. Kada wani ya ɗauka tuƙi yake yi. Akwatunan mutane yake jefawa cikin jirgi, in an gama ya tsaya a rana yana kaɗa wa direban sanduna biyu. Albashinsa na wata bai kai abin da nake samu a lodi biyar ba. Ba shi da Asabar ba shi da Lahadi, bayansa kullum ciwo, in jirgi ya yi latti shi fasinja ke zagi saboda shi suke gani da rigar kamfani. Amma akwai kati a wuyansa mai hoto, kuma an ce iyayen ma'aikaci suna da tikiti kyauta sau biyu a shekara. Shi ke nan gida ya ɗauka. Duk baƙuwar da ta shigo sai Inna ta ce, "Autana ai yana jirgi." Ni da nake da mota tawa ta kaina ban taɓa jin an ce ina mota ba.

Da ƙanwarmu ta haihu, na je na ce wa Inna ta shirya, ranar Talata sai tafiya.

"Bar wahalar da kanka," in ji ta. "Wannan karon ta sama zan bi. Minti hamsin aka ce. Gwiwar nan ta gaji da ramukanka."

"Ramukana? Ni na haƙa su?"

Auta yana gefe yana dariya. "Yaya, sai dai ka taya mu addu'a. Tikitin namu na jira ne, sai kujera ta rage ake ba mu. Na leƙa ɗazu, ɗaya tak ta rage. Allah ya sa kada wani ya saya."

Na ce amin.

Daga nan ban zarce ko'ina ba sai ofishinsu na cikin gari. Na ba da katin shaidata, na biya kuɗin kujerar nan ɗaya, aka ba ni takarda, na cusa ta ƙarƙashin shimfiɗar kujerar direba. Kuɗin ya yi mini zafi, amma da na fito sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Lissafina mai sauƙi ne: jirgi ya cika, Inna ta dawo inda ta saba.

Ranar Talata ni na kai ta filin jirgin a tasi, har da riƙe mata jaka. Ɗaki ɗaya ne dogo, da kujerun ƙarfe, da sikeli, da wata mata a bayan kanta tana danna kwamfuta. Auta ya shigo da rigarsa mai ƙyalli, gumi har wuya, fuska ba daɗi.

"Inna, an saye kujerar."

"To fa."

"Ki dai zauna, ba a sani ba."

Na ce, "Zaman me kuma? Motata na tasha, rabin lodi ya yi. In muka tashi yanzu, kafin rana ta faɗi kina riƙe da jikarki."

"Zan zauna," in ji Inna. Ta gyara mayafi, ta ɗora jakar a cinya.

Muka zauna. Fasinja suna ta wucewa ta wata ƙofar gilashi, ni kuwa ina ƙirga su a zuci ina jin daɗi. Can sai matar kanta ta ɗauki abin magana ta kira suna. Sunana, da na ubana, tiryan-tiryan. Ta ce ana jiran mai wannan suna, za a rufe.

Inna ta juyo. "Kai ake kira?"

"Ni kaɗai aka raɗa wa sunan a duniya?"

"Har da na mahaifinku?"

"Shi ma ba shi kaɗai ba ne."

Matar ta sake kira. Auta ya tsura mini ido. Sai ya ce in zo in taya shi duba wani abu, ya ja ni bayan wani ginshiƙi.

"Yaya, kai ne?"

"In ni ne fa? Kuɗinka ne?"

"To ka shiga mana."

"Ba inda za ni. Kujerata ce, na saya, ta tafi haka ba kowa."

Ya rufe baki da hannu don kada dariyar ta fito. "Nan ba tasha ba ce, Yaya. In mai kujera bai zo ba, mai jira ake ba. Ko dai ka shiga ka bar Inna a nan tana kallonka, ko ka tsaya ta tafi."

Na leƙa ta gefen ginshiƙin. Tana zaune ta ƙura wa ƙofar gilashin ido, ƙafarta ɗaya tana rawa kamar ta ɗalibi ranar jarrabawa. Aka yi kira na uku. Na sa hannu a aljihu na tsaya inda nake.

Matar kanta ta ɗaga hannu ta yafito Auta. Ya ruga, ya dawo da ƙaramar takarda. Inna ta miƙe, gwiwar da ta gaji da ramukana ko ɗingishi ba ta yi ba. Ta dafa kansa a gaban mutane.

"Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Shi kuma wanda bai zo ba, Allah ya sa lafiya." Ta waigo gare ni. "Kai ma sannu da kawo ni."

Ta taga na ga ta hau matakalar, wata mai ɗan kwali ta kama hannunta. Auta ya tsaya a gaban jirgin ya kaɗa sandunansa, abin ya juya ya tafi. Bayan kamar minti goma ya same ni a wurin ajiye motoci.

"In gaya mata kai ka biya?"

"Ta tambaye ka don me da sunana, ka ce me?"

Ya sosa ƙeya. "To shi ke nan. Amma akwai wata magana. Jirgin dawowa cike yake har ƙarshen wata, ko mai jira ba a rubutawa. Sai dai ka je ka ɗauko ta."

Na je na ɗauko ta. Ta shiga gaba, ta zauna, ta shafa gefen kujerar tana neman abu.

"Motar taku ba ta da ɗamarar nan? A jirgin su Auta har nuna maka ake yi yadda za ka ɗaura. Bari in ba ka labari tun daga farko."

Ko tasha ba mu fita ba a lokacin, ga awa tara a gabanmu.