Baƙar Tutar Yaya Hakeem

"Mma, idan babba ya ce wa yaro ya ɓoye wa mamansa magana, shi kuma ya ɓoye, waye zai shiga wuta a cikinsu?"

Kudus ne ya yi mini wannan tambayar da Turancinsa na 'yan New York, ina tsugune ina ƙoƙarin cire masa riga zai yi wanka. Shekararsa shida, kuma tun da ya fara zuwa Islamiyya komai sai ya auna shi da wuta da aljanna. Har na buɗe baki zan yi dariya, sai rigar ta wuce kansa. Wani jan shati ne ya taso daga gefen wuyansa ya gangara kan ƙirji, fatar wajen ta ɗan saluɓe.

Na zauna a bakin baho. Na ce masa ba wanda zai shiga wuta, ya dai gaya mini abin da ya faru.

Duk ranar Asabar ni ina Brooklyn wajen wata tsohuwa da nake kula da ita. Mijina Tamimu kuma yana filin jirgi yana lodin kaya. Don haka yayansa, Yaya Hakeem, shi ke ɗauko Kudus daga Islamiyya ya kawo shi gida Park Hill. Yaya Hakeem yana da garejin gyaran motoci, yana kuma da wata 'yar rawayar mota mai ƙofa biyu wadda idan ta shigo layinmu sai tagogi sun yi rawa. Da ita yake zuwa wani filin tsere a New Jersey, inda masu irin waɗannan motocin ke haɗuwa su yini suna zagaye. Ba gasa ba ce, ba a cin komai, sha'awa ce kawai. Ni ban taɓa damuwa da wannan ba. Na sayi kujerar yara, na ɗaura ta da hannuna a bayan motar, na jijjiga ta na tabbatar ba ta motsi.

Kudus ya ce kujerar ta daɗe ba ta cikin motar. Wai a filin tsere ba a yarda a shiga da komai a mota ba, ko tabarmar ƙafa sai an cire, to tun da Baba Hakeem ya cire ta bai mayar ba. A gaba yake zaunar da shi. Ranar nan kuwa har hular kwano ya kifa masa, ya ce ya riƙa kallon allurar da ke nuna gudun mota. Suna kan babban titin da ke zuwa gada allurar ta wuce ɗari. Sai wata motar kaya ta shigo gabansu, ya taka birki da ƙarfi.

"Hular ta rufe mini ido, Mma. Na ji bel ya shaƙe ni. Baba Hakeem ya yi ta dariya, ya ce birkinsa ya fi na kowa. Ya ce sirrin maza ne."

Na yi masa wanka a hankali, na shafa masa magani, na ɗauki hoton wajen. Washegari na kai shi wajen wata likita. Ta duba ta ce ba abin da ya karye, amma kallon da ta yi mini har yau ina jin sa.

Da na nuna wa Tamimu, sai ya jawo Kudus kusa da shi. Ya daɗe yana kallon wuyan yaron. Sannan ya ce, "Zan yi masa magana."

"Magana ba ta ishe ni ba, Baban Kudus. Ka ce masa ya daina ɗaukar mini yaro."

"Nimatu, da wane bakin? Mutumin da ya kawo ni ƙasar nan, na kwana a falonsa har na tsaya da ƙafata? In ce masa ban yarda da shi kan ɗan ƙaninsa ba?"

Yaya Hakeem ya zo da kansa ranar Lahadi da yamma, riƙe da 'yar motar wasa, ita ma rawaya. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini tun a Kumasi. Yayan miji ba a ɗaga ido a kalle shi, ba a kiran sunansa gatsau, ba a mayar masa da magana. Ya san da haka sarai, ya kuwa miƙe ƙafa a kujerata.

"Amarya, an ce kin kai ƙarata," in ji shi. Shekara bakwai da aurena, har yanzu Amarya yake ce mini. "Ɗan ƙwarzane ne fa. Mu da muka taso muna tsalle daga bayan tirela a unguwar Aboabo ta Kumasi? Kada ki lalata mini yaro da tsoro."

Na ce, "Yaya, kujerarsa fa?"

"Tana gareji, a kan tayoyi. Za a mayar." Ya juya wajen ƙaninsa. "Ranar Asabar ina nan tafe kamar kullum."

Tamimu ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kai mu.

Asabar ɗin nan na yi musayar aiki da wata abokiyar aikina, na je na ɗauko ɗana da kaina. Amma na san ba zan iya yin haka kullum ba, kamfanin da nake yi wa aiki ba na ubana ba ne. A cikin bas muna dawowa direba ya taka birki a wajen fitilar ba da hannu, birki na yau da kullum, sai na ga Kudus ya kai hannu biyu ya dafe wuyansa. Daga wannan lokacin ba tsare yaron kaɗai nake so ba, so nake mutumin nan ya rasa abin da ya fi so, a gaban mutanen da yake jin kunyarsu.

Shi ya kawo mini hanyar har gida. Ya kira Tamimu a waya, ina ji, yana ta murna. Ƙungiyarsu ta masu zuwa filin tsere za ta ba shi matsayin malami a taron ƙarshen wata. Malami shi ne wanda ke zama a gefen sabon shiga yana koya masa inda zai taka birki da inda zai karya kwana. Ya ce ba a ba kowa sai an yarda da hankalinsa, kuma shi ne baƙar fata na farko da zai samu a ƙungiyar. Ya ce mu zo mu gani, kuma Amarya ta dafa wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan namu na Gana, don turawan nan su san muna cin abinci.

Na karɓi wayar na ce, "To Yaya, da ƙarfe nawa ake farawa?"

Ya ce da sassafe ake duba motoci, sannan a yi taron direbobi. Kowa sai ya tsaya, wanda bai halarta ba ba ya shiga fili. Shugabar ƙungiyar ke bayanin dokoki, ta gama ta tambaya ko akwai mai tambaya.

"Ko waye zai iya tambaya?"

Ya yi dariya. "Ke ma kina son tuƙi ne, Amarya?"

Na dafa abincin, ban rage masa komai ba. Na soya kifi, na dafa ƙwai, na cika kuloli. Kudus kuwa na kai shi wajen maƙwabciyata Adjoa. Ba zan tsayar da ɗana a gaban baƙi ana leƙa wuyansa ba.

Filin ya fi yadda na zata girma. Motoci jere a wajen ajiya, kowace an shimfiɗa leda a bayanta an zube kayan cikinta: tabarmi, jak, kwalaben ruwa, har caja. Na tsaya a bayan rawayar motar na duba ledar Yaya Hakeem da kyau. Ba kujerar yara a ciki. Ashe har ranar bai mayar ba. Da na ga kujerar a kan ledar nan, wataƙila da na yi shiru na raba abincina na koma gida.

Ya taho cikin jar rigar tsere, da wani abokinsa Shitu a bayansa. Ya nuna mini abin roba da aka ɗaura masa a wuyan hannu, fari, na malamai.

"Ina yarona?" in ji shi.

"Na bar shi gida, Yaya."

Aka buga ƙaho, kowa ya nufi wata rumfa. Direbobi sun fi hamsin, iyalansu na tsaye a baya. Shugabar wata dattijuwar baturiya ce mai furfura, muryarta a dushe. Ta riƙa ɗaga tutoci ɗaya bayan ɗaya. Rawaya, a rage gudu. Ja, kowa ya tsaya. Da ta ɗaga baƙar ta ce idan aka nuna wa mota wannan, direban ya yi abin da zai iya kashe wani, ya fita daga fili ya zo ya yi bayani. Sannan ta kira sunan Yaya Hakeem a matsayin sabon malami, aka tafa masa. Ya ɗaga hannu yana murmushi.

"Akwai mai tambaya?" in ji ta.

Na ɗaga hannu. Tamimu ya ja mini gyale ta baya. Na fizge.

Na ce da Turanci, a hankali don kowa ya ji, "Ni ba direba ba ce, uwa ce. Ina so in san wace tuta kuke ɗaga wa mutumin da ya cire kujerar yara don ya zo nan, bai mayar ba, ya zaunar da yaro ɗan shekara shida a gaba, ya wuce mil ɗari da shi a kan titin gari."

Kowa ya juyo yana kallona. Yaya Hakeem ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya, ya ce da Hausa, "Nimatu, ki rufa mini asiri. Mu je gida mu yi magana."

Ranar ya fara kiran sunana. Na ɗaga ido na kalle shi tsakiyar fuska, abin da ban taɓa yi ba, na amsa masa da Turanci. Na ce ai mun yi magana a gida, ya kawo motar wasa.

Na miƙa wa dattijuwar wayata. Ta sa tabarau ta kalli hoton, ta daɗe. Sannan ta tambaye shi ko gaskiya ne. Da ya musanta, ban san yadda zan yi ba, hoton wuya ba ya faɗin sunan mota. Amma Yaya Hakeem ba zai iya jure a ce bai iya tuƙi ba.

"Titin ba kowa a lokacin," in ji shi. "Kuma ai na tsaya. Na san motata."

Wani a baya ya yi tsaki irin nasu. Shitu ya ja da baya yana duba takalminsa. Dattijuwar ta mayar mini da waya, ta ciro ɗan almakashi daga aljihu, ta ce ya miƙo hannu. Ta yanke farin abin nan. Ta ce ba za ta sa ɗalibi a gefensa ba, kuma ba zai sake hawa filinta ba, yau ko wata rana.

Sauran suka watse suka tayar da motocinsu. Shi kuwa ya tsuguna a bayan tasa cikin jar rigar nan, yana kwashe tabarmi da kwalabe yana mayarwa ɗaya bayan ɗaya, motoci na wuce shi suna shiga fili. Na buɗe kulolina a kan tebur inda zai iya hango ni. Turawa suka yi layi. Wata mata ta riƙe hannuna ta ce ita ma jikoki gare ta. Abincin ya ƙare tas, har shito suka suɗe. Na ji daɗi, kuma ban nemi gafarar Allah kan wannan daɗin ba.

A hanyar gida Tamimu ya tsare titi da ido har muka hau gada. Sannan ya ce, "Kin san abin da kika jawo mana?"

Na ce na sani.

Kafin mako ya zagayo surukata ta kira daga Kumasi tana kuka, wai na tozarta ɗanta a gaban turawa. Matan unguwa wasu sun daina amsa gaisuwata da kyau a masallaci. Dattawa suka ce lallai in je in ba shi haƙuri. Na je garejin, na durƙusa a kan simintin da ya sha baƙin mai, na gaishe shi yadda ya kamata. Yana ƙarƙashin wata mota, bai fito ba. Na ce na zo karɓar kujerar ɗana. Na ɗauko ta daga kan tayoyi, na kakkaɓe ƙurar, na rungumo ta har tashar bas.

Yanzu Adjoa ke ɗauko Kudus ranar Asabar, ni kuma ina yi wa 'yarta kitso. Shatin ya warke. Rawayar motar ba ta ƙara shigowa layinmu ba, an ce tana gareji an lulluɓe ta. Tamimu ya fara cin abincina da fara'a, ko da yake har yanzu idan yayansa ya kira sai ya fita waje ya amsa.

Ke da kike karanta wannan, idan akwai wanda ke ɗaukar miki yaro a mota, ko yayan mijinki ne, ko limamin unguwa, ki sauka ƙasa ki buɗe ƙofar baya ki duba da idonki kowane mako. Kai kuma da kake da mota mai gudu, ka tafi da ita inda aka yi don gudu. Idan ka kuskura ka saka ɗan wata a ciki ka ce masa sirri ne, to uwarsa za ta gano inda kake jin kunya, kuma can za ta same ka.